Maganin Injiniya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka da injinan nan naka da ka fi ji da su fiye da mu. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. An koma makaranta, bana aji uku aka ba ni, yara arba'in da bakwai, kullum sai na dawo gida murya a dashe. Direban motar kayanku ya kawo saƙonka ranar Asabar, kwalin maganin Baffa, ya kuma ce har yanzu waya ba ta kamawa a wajen aikin dam ɗin nan sai mutum ya hau dutse. To ga takarda, tunda na san ba za ka hau dutse saboda mu ba.

Maganar Baffa ce. Sati uku ke nan yana fama da jiri. Ranar Talata ya tashi daga kujera zai buɗe taga, sai na ga ya dafe bango ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce wai hutawa yake yi. Ƙafafunsa kuma sun kumbura, takalmin fita ba ya shiga.

Ka tuna kantin maganin bakin titi? Tsohon nan ya bar shi, yanzu wata mata ce a ciki, wadda ta yi karatun harhaɗa magunguna sosai. Baffa ya sa mata suna Mai Farar Riga. Ta ware wani ɗan lungu ta sa labule, kujera biyu, sikeli da abin awon jini. Na je karɓar maganin hawan jinin da asibiti ke rubuta masa, na ce ta haɗa mini da wani abu na jiri. Ta ƙi fir. Ta ce in kawo mai jirin tukuna. Raina ya ɗan ɓaci, amma na kawo shi. Ta auna shi a zaune, ta sa ya miƙe ta sake aunawa, sai na ga ta daina murmushi. Ta ce jinin ya yi ƙasa da yawa ga mutumin da aka sani da hawan jini. Ta tambaye ni me da me yake sha. Na ce na asibiti ne kawai, sai na ƙarin ƙarfi da yayana ke aikowa duk wata. Ta ce in kwaso mata duk wani magani da ke gidan nan a leda, har kwalayen da suka ƙare, naka kuma a ajiye shi gefe har sai ta gani.

Na ɗauke kwalin na ɗora a kan durowa. Baffa bai yi mini magana ba har yamma. Ka san yadda yake da maganin nan, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa, ya ce maganin Injiniya ne, daga kamfani. Jibi zan kai mata, amma motarku gobe da safe za ta tashi, don haka sai a takarda ta gaba ka ji yadda muka yi.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Babban janareto ya yi mana gardama kwana huɗu, sai da na kwance shi gaba ɗaya. Ki gaishe da Baffa, ki ce ina yi masa sannu. Yaranki arba'in da bakwai kuma Allah ya ba ki haƙurinsu, ko da yake su ma suna bukatar addu'a.

Sau uku na karanta wurin da kika ce wai a ajiye nawa gefe. Mamaki ya hana ni cin abinci. Wace ce ita? Mai sayar da magani tun yaushe ta zama likita, har da labule da kujera? Ke da iliminki kin zauna wata ta gaya miki a jingine maganin da ko ganinsa ba ta yi ba. Ba ta ce a ajiye na asibiti ba, tunda a kantinta kuke karɓa. Nawa da ba a hannunta ya fito ba, shi ne ya tsone mata ido. Auta, ki yi tunani mana.

Maganin nan na san shi ciki da waje. Ba a bakin hanya na tsince shi ba, irinsa ake ba manyan kamfanin nan, har turawan cikinsu. Wata takwas Baffa yana sha, wa ya taɓa kuka? Jiri kuwa, mutumin da ya haura saba'in, ga zafi, ga shi ba ya son shan ruwa, me zai hana shi jiri?

Na san ni ba ɗan cikinsa ba ne. Kakana da Baffa 'ya'yan wa da ƙane ne, zumuntar da sai an zauna an lissafa kafin a gano ta. Amma shi ya ɗauko ni ranar da aka binne mahaifina, ya sa ni a makaranta, ya kai ni koyon gyaran inji da hannunsa. Ba zan aiko masa abin da zai cuce shi ba. Idan an mayar da maganin nan saman durowa, to ni aka mayar can.

Ga wani kwalin na haɗa da takardar nan. Ki ci gaba da ba shi kamar yadda aka saba, ɗaya da safe. Mai Farar Riga kuma ta tsaya a kan cinikinta.

Yayanki

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni ma lafiya, sai ɗan ciwon kai na zafin rana.

Mota ta zo jiya, na tsaya har aka gama sauke buhunan siminti, direba ya ce ba ki ba shi komai ba. Ya ce ya buga ƙofa sau biyu, gidan a kulle, maƙwabta ma ba kowa a waje. Na ce masa na san abin, fushi ne. Tun kina ƙarama haka kike, a gaya miki gaskiya ki shiga ɗaki ki ja ƙofa.

In maganata ta yi zafi, ki yi haƙuri, amma ban janye ba. Ki rubuto ko layi biyu ne in ji jikin Baffa. Kin san nan ba mu da wani labari sai abin da motar nan ta kawo.

Yayanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Zan fara da abin da ya fi: Baffa yana raye, yana gida, yana cin abinci. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Ba fushi na yi ba. Ranar da direba ya buga ƙofa muna asibiti, kwananmu shida a can.

Bari in koma baya. Na kai wa Mai Farar Riga kwalinka kamar yadda na ce. Ta ɗora shi kusa da na asibiti, ta nuna mini ƙananan rubutun da ke ƙasan manyan sunayen. Yaya, magani ɗaya ne. Kamfani ne kawai ya bambanta, da launin kwali. Naka ba na ƙarin ƙarfi ba ne, na hawan jini ne, kuma na asibiti lamba biyar ne, naka lamba goma. Kullum da safe ina ba Baffa ninki uku na abin da likita ya rubuta, da hannuna, da kofin ruwa, har ina yi masa tsiya in ya yi jinkiri. Ta ba ni kujerar marasa lafiya na zauna. A gabana ta kira likitansa ta waya, suka yi magana, ta buɗe wa Baffa kati, ta ce a kawo shi awo duk bayan kwana biyu. Cikin sati ɗaya jirin ya tafi, takalmi ya shiga.

Sai takardarka ta zo ina makaranta. Direba ya miƙa wa Baffa ita da kwalin. Ka manta shekara talatin ya yi yana aikin akawu? Ya sa tabarau ya karanta ta tas, har wurin da ka ce kai aka mayar saman durowa. Ya ninke ta ya ba ni, kwalin kuwa ban ma san an kawo ba. Ashe a cikin akwatinsa ya ɓoye. Yana sha in na fita.

Ranar Litinin na kai shi awo, ta ga jinin ya sake sauka. Ta dube shi ta tambaye shi, ya kawar da kai ya ce shi na asibiti kawai ya sani. Ta ja ni gefe ta ce in bincika ɗakinsa. Na ce mata Baffa ba ya ƙarya. Kashegari da safe ina ɗaura agogo na ji ƙara a banɗaki. Na same shi a ƙasa, goshinsa a fashe, idonsa a buɗe amma bai san ni ba. Ban san lokacin da na fita titi ba takalmi ba. Ita ce ta rufe kantinta ta biyo ni da abin awonta, ta ɗaga masa ƙafafu, ta tsayar da mota, ta shiga da mu. A asibiti ta miƙa musu katinsa, ba su tsaya tambayata komai ba, da ma ba abin da zan iya faɗa. An yi masa ɗinki huɗu da ƙarin ruwa.

Da muka dawo na buɗe akwatin. Ga sabon kwalin, an sha guda tara. A ƙarƙashinsa kuma duk kwalayen da ka taɓa aikowa, fanko, ya daddanne su ya ɗaure da zare kamar takardun gida. Na kwashe na kai mata. Ta jera su a kan tebur ta daɗe tana kallo. Shida na farko lamba biyar ne, daga nan suka koma goma, daidai lokacin da jirin ya fara. Kowanne kuma da alamar an ɓare wata 'yar takarda a gefensa.

Ta ce in rubuta maka tambaya ɗaya, kuma kada in sake mata ko kalma: "Wa aka rubuta wa maganin nan?"

Ban yi maka faɗa ba, don ba ni da ƙarfinsa. Ka amsa mata.

Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Baffa ya tashi. Ki gaishe shi, in zai karɓi gaisuwata.

A tsaye na karanta, ban bi shawararki ba, sai ga ni zaune a kan ganga ban san yadda aka yi ba. Na bar aiki na hau dutsen nan da kike yi mini gori a kansa. Na kira ki sau goma sha ɗaya, waya ta ƙi shiga. Na zauna a can har rana ta karkata, ƙeyata tana sara kamar ana buga guduma. Ni ne na fasa wa Baffa goshi da biro da takarda. Wannan ba sai kowa ya gaya mini ba.

Amma tambayarta ta yi mini ciwo. Na gane abin da take nufi, tana ganin sato shi na yi daga asibitin kamfani na ɓare sunan mai shi. Ki gaya mata ban taɓa ɗaukar ko ƙusa a wurin nan ba tare da an sa hannu ba. Sunan da na ɓare nawa ne.

Bara da aka yi mana awon shekara malamin asibitinmu ya ce ina da hawan jini, ya rubuta mini magani, kwali ɗaya duk wata. Na dubi kaina, mutumin da ke ɗaga kan inji shi kaɗai, na ce wannan na tsofaffi ne. Sai na tuna Baffa yana da ciwon, ga na kamfani da kowa ke cewa ya fi kyau. Na ce miki na ƙarin ƙarfi ne don kada ki ce ai yana da nasa.

Kin san Baffa. Shekara goma sha biyu ina aiki, bai taɓa riƙe abin hannuna ba. Na kawo masa rediyo, ya ba mai gadi. Na kawo riga, na gan ta a jikin maƙwabci. Kullum sai ya ce in riƙe abina, shi bai raine ni don in biya shi ba. Maganin nan ne abu na farko da ya karɓa ya sa a bakinsa. Da direba ya gaya mini yana nuna wa baƙi, kwana biyu na yi bakina bai rufu ba.

Maganar biyar da goma kuwa, duk wata malamin yana auna ni, yana tambaya ko ina sha, ina cewa ƙwarai kuwa. Wata biyu da suka wuce ya ce jinin ya ƙi sauka, zai ƙara mini ƙarfinsa. Wallahi murna na yi, na ce Baffa ya samu wanda ya fi.

Ga gaskiyar ke nan. Ki gaya mata ni wawa ne, amma ba ɓarawo ba. Ba zan sake aiko komai ba.

Yayanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Baffa yana samun sauƙi, an cire zaren, jiya har ya zaga bayan gida da ƙafarsa. Ba zan tambayi lafiyarka ba, don yanzu na san amsar da kake bayarwa ba ta da amfani.

Na karanta takardarka a ɗakin malamai, na yi ta kallon bango har aka buga ƙararrawa ban ji ba. Wata tara, Yaya. Kana tsaye a kan injin da ya fi ɗakinmu girma, kana hawa tsani, jini yana hawa, kai kuma kana naɗe maganinka a takarda kana ba direba. Ka ce ɗan ciwon kai na zafin rana. Ni kuma na karanta na wuce.

Ban ko koma gida ba na kai mata. Maganar sata ko a ranta babu. Ta ce tun ranar da ta jera kwalayen ta gane, domin ba a ƙara wa magani ƙarfi sai an auna mutum an ga bai yi masa ba, Baffa kuwa ba wanda ya auna shi a can. Ke nan akwai wani da ake aunawa, jininsa yana sama, kuma ba ya shan komai. Ta ce sati biyun nan kai ne a ranta fiye da Baffa, don shi yana gabanta. Ta so ka faɗa da bakinka ne, saboda wanda bai yarda yana da ciwo ba ko an ba shi magani ba zai sha ba.

Ga saƙonta, na kwafa daga takardar da ta rubuta. Ranar da wannan ta same ka, ka je wurin malamin asibitinku kafin ka taɓa kowane inji. Ka gaya masa ko ƙwaya ɗaya ba ka taɓa sha ba, don lissafinsa duk a kan ƙaryarka ya gina shi. Kada ka fara sha da kanka, shi zai faɗi wanda ya dace. In ciwon ƙeyar ya zo da dishi-dishin ido ko nauyin hannu, kada ka jira mota, a fitar da kai. Ni kuma na ƙara nawa: kada ka sake hawa dutsen nan. Ta buɗe maka kati a kantinta kusa da na Baffa, ta rubuta Injiniya a kai, ta ce ka riƙa aiko lambar awonka. Matar da ka ce ta tsaya a kan cinikinta ke nan.

Baffa ya karanta takardarka da kansa, ban iya ɓoye masa ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ashe wata tara yana haɗiyar lafiyar yaron nan yana nuna wa mutane. Na ce ka yi alkawarin ba za ka sake aiko komai ba. Sai ya ɗago ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa:

"Ki gaya wa Injiniya ban yarda ba. Kwalin ya ci gaba da zuwa duk wata. Amma fanko nake so, da sunansa a jiki, kada ya ɓare."

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baffa. Wannan karon zan amsa tambayar da ba ki yi ba: ba ni da lafiya, amma ana dubawa.

Na je kafin in taɓa inji. Da na gaya wa malamin gaskiya ya ajiye bironsa ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya auna ni sau uku, ya canza hannu, ya ɗauko wani abin awon don ya zaci nasa ne ya lalace. Ɗari da casa'in a sama. Ya ce da wannan nake hawa tsani? Ya kwantar da ni a ɗakinsa har yamma, ya hana ni aiki kwana goma, ya kuma yi mini faɗan da tun barina gidan Baffa ba a yi mini irinsa ba. Yanzu kullum da safe a gabansa nake haɗiya, kamar ɗan ajinki. Jiya ɗari da hamsin da biyar.

Ki ba Mai Farar Riga lambobin, suna bayan takardar nan. Ki ce mata na ci mutuncinta ban san ta ba, in na zo hutu zan zauna a bayan labulen nan in ba ta haƙuri da hannuna a cikin abin awonta.

Kwalin wannan watan bai ƙare ba, saura goma sha shida. Ki ce wa Baffa ya yi haƙuri, ba zan iya gaggawa ba, ɗaya ake sha a rana. Ya dai gyara wuri a akwatin.

Yayanki